Sharhi kan bel ɗin ɗaure ƙugu na masu ɗaukar kaya

Aikina a sito yake, inda ake sauke kwalaye daga mota a jera su, kuma na sayi bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu ne bayan da ciwon baya ya fara hana ni miƙewa da safe. Na daɗe ina aiki da shi, don haka ina ganin zan iya faɗin abin da na gani.

Wanda na samu na roba ne mai miƙewa, yana da maɗauri mai mannewa a gaba da igiyoyi biyu da ke hawa kafaɗa, domin a sassauta shi a bar shi a rataye idan ba a ɗaukar kaya. Ɗinkinsa yana da ƙwari, sai dai maɗaurin ya fara sakewa da ƙura ta shige shi, kuma yana tara gumi ƙwarai. Amfaninsa da ba zan musa ba shi ne yana tuna wa mutum da bayansa, domin da zarar ka sunkuya da ƙugu maimakon ka lanƙwasa gwiwa, sai ka ji ya tokare ka.

Ciwon kuwa bai tafi ba, kuma dalilin a fili yake: bel ba ya rage wa kwali nauyi. Tun a 1994 cibiyar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta bayyana cewa babu isasshiyar hujja da ke nuna irin wannan bel yana hana rauni a baya, sannan a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a dogara da su ba wajen kula da daɗaɗɗen ciwon baya. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙarfin gwiwar da yake bayarwa, domin na sha ganin abokin aiki ya ƙara matse nasa ya rungumi kayan da ya kamata mutum biyu su ɗauka.

Lissafin da NIOSH ta fitar ya fi bel ɗin buɗe mini ido. Ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin masu lafiya za su ɗaga, amma sai idan kayan na kusa da jiki, ba a ƙasa yake ba, yana da wurin riƙo, ba a murɗa jiki, kuma ba a maimaitawa a kai a kai. Kowane sharaɗi da aka rasa yana rage wannan adadi, kuma a aiki irin namu da wuya a cika ko da biyu daga ciki, saboda kwali daga ƙasa ake ɗauko shi, a juya da ƙugu a miƙa shi sama da kafaɗa, ana yi ana gaggawa don direba na jira. Ga doguwar tsayuwa a kan siminti, wadda gwiwa da idon sawu ke biyan kuɗinta, kuma bel bai san da su ba.

Sauƙin da na samu ya zo ne lokacin da aka ɗaga wurin ajiye kaya daga ƙasa, aka kawo keken tura kaya, aka kuma riƙa musanya mana aiki a cikin yini. Waɗannan nauyi ne da ke kan mai wurin aiki, kuma ina ganin raba wa ma'aikata bel hanya ce mai sauƙi ta kauce musu.

Har yanzu nakan ɗaura nawa a ranar sauke kaya masu yawa, ina kuma kwance shi da zarar an gama. Wanda ciwonsa ke sauka zuwa ƙafa, ko yake jin ƙafar tana mutuwa, likita ya kamata ya gani kafin ya yi tunanin sayen bel.