GNX na Kendrick Lamar: kirarin ɗan damben da ya riga ya yi kisa

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 2024, sanyi ya fara shigowa, muna zaune a majalisarmu ta Mabera a Sakkwato bayan isha'i, sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa: "Yaya, mutumin naka ya saki albam." Na ce masa ƙarya ne. Ba a sa rana ba, ba a yi shela ba. Ashe haka Kendrick Lamar, mawaƙin hip-hop na Amurka, ya jefo GNX, waƙoƙi 12, kusan minti 44. A daren na loda data na sauke shi, kuma tun daga lokacin yana cikin wayata.

Mutane sun yi ta cewa bai yi talla ba. Ni kam ban yarda ba. A shekarar ya yi ta musayar zambo da mawaƙi Drake, har waƙarsa ta zambo "Not Like Us" ta shiga kunnen wanda bai damu da hip-hop ba, kuma tun watan Satumba aka sanar cewa shi zai yi waƙa a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka. Wace talla ta fi wannan? Waƙar zambon ma ba ta cikin albam ɗin, amma ita ta share masa hanya.

Duk Basakkwacen da ya taso yana jin Ɗan Anace na wasa Shago zai gane abin da ke faruwa a nan ko da ba ya jin Turanci. Ɗan dambe ya yi kisa, ya zagaya fili yana kirari. Bambancin kawai, a nan makaɗin da ɗan damben mutum ɗaya ne. Ko sunan albam ɗin kirari ne: wata baƙar mota ce ƙirar Buick ta 1987, shekarar da aka haife shi, wadda guda 547 kacal aka ƙera. A waƙar "man at the garden" ya sassauta murya yana lissafa wahalar da ya sha da abin da yake ganin haƙƙinsa ne, ba ihu ba gaggawa, kuma ita ce na fi maimaitawa. Waƙar farko kuwa ta buɗe da muryar mawaƙiya Deyra Barrera tana rerawa da Sifaniyanci, kafin ya shiga habaici, har mawaƙi Lil Wayne bai tsira ba. "luther", wadda ya yi da mawaƙiya SZA, ita ce mai sanyaya rai. Ita kaɗai matata ke bari a kunna a falo.

To, amma fa akwai inda na gaji. A tsakiyar albam ɗin kiɗan ya zama iri ɗaya, irin na Los Angeles, mai tsalle. Da belun kunne yana da daɗi, amma a 'yar sifikar da nake ɗaurawa a mashin, in na doshi Gawon Nama, waƙoƙi uku sai su zame mini ɗaya. Matasan mawaƙan garinsu da ya gayyato, an yaba masa a kan ɗaga na baya, sai dai babu wanda baitinsa ya zauna mini. Ga Turancin unguwa: sai da na buɗe rubutattun baitocin ina bi layi-layi.

Albam ɗin ya hau na ɗaya a jadawalin Billboard na albam-albam a Amurka tun makon farko, masu sharhi kuma sun yi ta zuba yabo. Gaskiya sun ɗan zuzuta. Wanda ya ji albam ɗinsa To Pimp a Butterfly na 2015, ko DAMN. da ya ciyo babbar kyautar Pulitzer ta Amurka a 2018, ya san mutumin nan ya taɓa yin zurfin da ya fi haka. Nan murnar nasara ce ta fi yawa.

Sai kuma zagi. Wata rana ina wanke mashin a ƙofar gida, "tv off" na tashi, daidai inda yake kwarara ihun sunan Mustard, mai haɗa masa kiɗa, sai ga Baba ya dawo daga masallaci. Ya tsaya, ya dube ni, ya ce: "Wanga mutum lafiyatai ƙalau kuwa?" Na yi wuf na rage sauti, ina hamdala a zuci da bai jin abin da ke biyo baya.