Old Town Discovery 158: ya dace da ɗaliban makaranta?

A shekarun 1950, kwalekwalen da makarantu ke koyarwa da shi firam ne na katako da aka ja wa tamfol aka shafe da fenti, dutse kaɗan ya taɓa shi sai yaga. Daga shekarun 1960 faiba ta karɓe, har makarantu da dama a Birtaniya kan ƙera nasu a ɗakin sana'a, amma duk zango sai an yi facin tsaga. Discovery 158, kwalekwalen kamfanin Old Town, ɗan zamanin roba ne, kuma ƙwarinsa ne ya sa masu koyarwa ke rububinsa.

Tsawonsa kusan mita 4.8 ne, faɗinsa kimanin santimita 90. Jikinsa hawa uku ne: roba mai tauri a waje da ciki, soso a tsakiya. Soson nan ke hana shi nutsewa ko da ya cika da ruwa. Faɗin kuma na sa ya zauna daram, yara biyu ’yan koyo su yi ta kuskuren filafili ba tare da sun kife ba. Gudu dai babu, kuma idan iska ta taso ta kan juya masa kai in nauyi bai daidaita ba.

Babban aibinsa nauyi. Kilo 39 ba kayan yara biyu ba ne, sai huɗu, ko a samo amalanke. In babu, za su riƙa jansa a kan tsakuwa, gaba da baya su cinye har soso ya leƙo. Nan ne ake shan wahala, domin gam na yau da kullum ba ya kama wannan roba. Sai an goge wurin da samfefa, an wanke, an ɗan gifta harshen wuta a kai, sannan a manna faci da gam ɗin da aka yi musamman don ita. Wanda ya tsallake wutar, facin zai ɓare cikin ’yan makonni.

Ajiya ma na kashe shi. Idan aka bar shi zaune a kan cikinsa a rana, ƙasan ya kan lotsa, ya daina tafiya miƙe. A kife shi a kan sanduna biyu a inuwa. A riƙa duba notocin kujeru da bakin katakon tsakiya, nan ruwa ke kwanciya ya ruɓar da shi.

Soso ba ya maye gurbin jakar iska, wadda ake hurawa a sa cikin kwalekwale don ta rage ruwan da zai shiga in ya kife. A ɗaura ɗaya gaba ɗaya baya, in ba haka ba kwashe ruwa bayan kifewa zai gagari malami guda. Kowane yaro kuma ya sa rigar ruwa daidai jikinsa, mai ƙarfin ɗaga mutum a ruwa na aƙalla niyuton 50. Tun bayan mutuwar ɗalibai huɗu a hatsarin kwalekwale a Lyme Bay, gaɓar teku a kudancin Ingila, a 1993, wadda ta jawo dokar 1995 ta lasisin cibiyoyin da ke kai yara irin waɗannan wasanni a Birtaniya, an daina ɗaukar waɗannan da wasa.

Ga tafki da kogi mai sanyin gudu, ya cancanci saye. Makarantar da ke da ƙananan yara ko doguwar tafiya zuwa bakin ruwa ta nemi wanda ya fi shi sauƙi.