Rifita ko adaftar layin wuta: wacce za ta kai Wi-Fi saman bene?

Malam, ka ce rautarka tana falon ƙasa, Wi-Fi ba ya kai wa ɗakunan sama, kuma mai shago ya ajiye maka abu biyu ka zaɓa: rifita da adaftar layin wuta. Amsar tana wajen yadda aka ja wutar gidanka.

Rifita ta iska take kamo siginar rauta ta sake watsawa. Abin da ta samu shi take bayarwa. In ka jona ta a ɗakin da sigina ta riga ta mutu, za ka ga sanduna sun cika a wayarka amma bidiyo na ta juyawa. Wurinta tsaka-tsaki, kamar kan matakala. Masu arha da ke aiki a 2.4 GHz kaɗai suna cinye kusan rabin gudun, don da rediyo ɗaya suke karɓa suke aikawa. Ga kuma kankaren bene mai cike da rodi, wanda shi ne ya tare siginar tun farko.

Adaftar layin wuta ba ruwanta da kankare. Guda biyu ce: ɗaya a soket kusa da rauta, ka haɗa ta da rautar da wayar Ethernet (wayar intanet), ɗayar a soket ɗin sama. Intanet ɗin yana bin wayoyin wutar da ke cikin bango. Ka tabbata ta saman tana watsa Wi-Fi, kamar TL-WPA4220 ta TP-Link, don wasu ramin jona wayar Ethernet kawai gare su. Lambar kwali kuma kada ta ruɗe ka: an rubuta AV600, wato gudun 600 Mbps, amma ramin wayar wannan samfurin bai wuce 100 Mbps ba.

Inda take ba mutane ciwon kai shi ne wayarin irin namu. Dole a bango kai tsaye za a jona ta. Sitabilaiza da ekstenshin mai kariya daga tashin wuta suna tace siginarta. In gidan fes uku ne, wato layin wuta uku ke shigo masa, falo yana kan ɗaya, sama tana kan wani, gudun zai faɗi sosai, wani lokaci ma su kasa ganin juna. In wasu soket suna kan inbata wasu kan wutar NEPA, da an ɗauke wuta adafta ɗaya za ta mutu, intanet ya yanke. Ɓangaren da ke da mitarsa daban, kada ka sa rai. Hatta cajar waya ta jabu a soket ɗin kusa tana iya rage mata gudu.

A ganina, in soket biyun suna kan layi ɗaya kuma wayarin na kirki ne, adafta ta fi rifita nesa ba kusa ba a gidan bene. In wutar a cakuɗe take, bar su duka, ka sa a ja maka wayar Cat6, wani nau'in wayar Ethernet, ta bayan bango zuwa sama, ka ɗora wata rauta a can. Tana kai mita 100 ba tare da raguwa ba.

Kafin ka biya, juya rautarka ka duba ko tana da ramin LAN, inda ake jona wayar Ethernet, don yawancin MiFi, wato ƙananan rautocin aljihu, ba su da shi. Sannan ku yi da mai shago cewa in abin da ka saya ya ƙi aiki a gidanka za ka mayar.