Makarantar kwana ko kolej kusa da gida: wanne zai riƙe ɗiyan karkara?

Hajiya, kin tambaya: in ana son ɗan ƙauye ya kai BAC, jarrabawar ƙarshen sakandare, kamar ɗan birnin Damagaram, gina makarantun kwana ya fi, ko kai kolej kusa da ƙauyuka?

Dukansu matsalar masauki suke son warwarewa. Yarinya ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, a wani ƙauyen Tanut ko Gure, a turo ta 6e, ajin farko na kolej, cikin gari, a damƙa ta ga mai masauki. Kafin a jima ta zama mai ɗiban ruwa da wanke-wanke, hatsin da aka aiko da shi ya ƙare, uba ya ji labari ya ce a maido ta. Abin da ke biyo baya aure ne. Ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18.

Kolej na kusa yana kwantar da hankalin iyaye: yarinya ta kwana ɗakin uwarta, ta ci tuwon gidansu, kuɗin da ake kashewa kaɗan ne. Sai dai da yawansu ajin zana ne, wanda ba a kafa shi sai an yi girbi an samu kara, alhali an koma makaranta tun Oktoba. Sau da yawa malami guda ɗan kwantaragi ke riƙe da darussa biyu ko uku. Daka da surfe kuwa suna nan suna jiran ta da marece, ga babu fitilar bita.

Makarantar kwana, irin ta ƴan mata da aka buɗe a Kelle a 2021 zamanin Shugaba Bazoum, lokaci take ba yarinya, kuma shi ne abin da ɗiyar talaka ta fi rasawa. Ga abinci, ga haske da dare, ga abokan bita. Amma tana da tsada: tukunya kullum sai ta hau wuta, randa kuɗin abinci ya makara karatu ya tsaya. Gurabe ma kaɗan ne. Kuma ba na ganin laifin uban da ya ƙi sakin ƴar shekara 12 ga mai kula da ɗakin kwana, matar da bai san halinta ba.

Ni dai a ganina matakin karatu ne zai raba gardama. Daga 6e zuwa 3e, ajin ƙarshe na kolej, a kai kolej kusa, amma da gini na gaske da malamai masu zama. Bayan BEPC, jarrabawar gama kolej, lamarin ya sauya: sashen C da D na lise, wato na lissafi da kimiyya, na buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararrun malaman lissafi, waɗanda ba za a iya rarrabawa kowane ƙauye ba. Nan ya kamata a ce lise irin Amadou Kouran Daga, da na Mirya da Magarya, suna da ɗakunan kwana. A ba da gurbin bisa nisan gida da ƙarfin iyaye, a karanta sunayen gaban kwamitin iyaye, don kada ɗiyan masu hanya su riga ɗiyan manoma shiga.