Hattara da masu tallar doki "da mai koyarwa" a WhatsApp, ni an cuce ni a nan Maradi

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina haɗiye maganar nan amma jiya na ga mutumin da ya sayar mini da doki ya sake zuba hotunan dawaki a status saboda sallah ta matso, to wallahi shiru bai kama ni ba.

Shekarata 41, ban taɓa sa ƙafa a likkafa ba sai bara. Tun muna yara in an yi hawan sallah a ƙofar fada, ko mu bi mota zuwa Tibiri kallon dawakin Sarkin Gobir, abin yana raina. Da Allah ya ɗan buɗa mini a butik na ce bari in cika burina. Sai ga bidiyon wani kili mai kyau, na kira lambar, ya ce "Alhaji wannan ko yaro ƙarami zai hau, ba harbi ba tutsu, shekararsa 6 cif." Kuɗi jika 650, kuma wai yana da wani gwanin hawa da zai koya mini, jika 30 a wata amma a biya wata uku gaba ɗaya. Ya ce in tura kafin alƙalami jika 100 maza don akwai wani Alhaji da zai taso daga Katsina ta Jibiya gobe. Na tura.

Ku lura da nan don nan ne damfarar take. Bai yarda in zo da safe ba, sai dab da magariba. Na iske dokin tsaye shiru, kai a ƙasa, leɓen ƙasa ya saki yana reto, ido rabi a rufe, ni kuma na ɗauka ladabi ne. Mai koyarwan nan shi ya buɗe bakin dokin ya leƙa ya ce e shekara shida ne, shi ya riƙe ragama ya zagaya da ni sau biyu cikin rairayi, a tafiya kawai, ko sassarfa ba a yi ba. Wato wanda na ɗauka idona ne ashe bakinsu ɗaya da mai sayarwa. Aka yi albarka, na cika kuɗi, ba takarda ba shaida nawa ko ɗaya.

Washegari da allurar sanyaya jiki da ashe aka yi mishi ta sake shi sai ga dokin gaskiya. Ya kusa cizon ɗan ƙanena da ya kai mishi dusa, kwana biyu kuma ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Mai koyarwa ya zo sau biyu, daga nan waya a kashe har yau.

Wani dattijo a kartiyenmu da ya tsufa cikin barga shi ya zo ya duba. Ya ɗaga leɓen dokin ya ce "ɗana matso ka gani." Haƙoran sun yi tsawo sun karkata gaba, kuma a haƙorin sama na gefe akwai wani layi baƙi da ya sauko daga dasashi har rabi. Ya ce layin nan sai doki ya kai wajen shekara 10 yake fitowa, in ya kai rabi to ana maganar 15. Likitan dabbobi ya taɓa kofaton ya ji zafi, ya ce ciwon ya daɗe, maganin kashe zafi aka ba shi ya ɓoye. Na ce wa dattijon, baba da na sani da wajenka na fara zuwa, ya ce ai babba da bai taɓa hawa ba ma ba da saye yake farawa ba, sai ya yi wata biyu uku yana koyo a kan dokin wani tukuna.

Don Allah duk mai niyya, mai koyarwa kai za ka nemo shi da kanka, wanda masu dawaki a filin sukuwa suka san shi, kuma ka biya shi bayan aiki. Ka je ganin doki da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka koma wata rana daban. Mai shi ya fara hawa a gabanka, a gudanar da shi a ƙasa mai tauri inda ɗingishi ba ya ɓuya, likita ya duba, a rubuta takarda da shaidu. Maganar wani Alhaji na tafe kuwa, ka ce ya saya.

Na kai ƙara komisariya amma da yake ba takarda abin na tafiyar hawainiya. Mutum biyu sun same ni da irin labarin nan, lamba daban amma kamannin mai koyarwan ɗaya ne, dogo mai tabo a goshi. In kai ma an yi maka ka yi mini magana ta ciki mu haɗu mu koma tare. Dokin yana nan a turke ina sayen mishi harawa da magani, shi ba ruwansa, kuma ba zan sayar wa kowa da shi a haka ba.