Tiyatar zuƙe kitse ga mai gadon daskarewar jini: yadda na ga aikin wani asibiti a Alƙahira

Ina da ƙarancin furotin S, ɗaya daga cikin sinadaran da ke hana jini daskarewa a inda bai kamata ba. Gado ne daga wajen mahaifiyata, kuma ba a gano shi ba sai bayan haihuwata ta ƙarshe, lokacin da gudan jini ya toshe jijiyar ƙafata ta hagu. Duk mai irin larurata da ke tunanin cire teɓa, ga abin da na gani a wani asibiti mai zaman kansa a Alƙahira, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Wakiliyar da ta haɗa ni da su ta WhatsApp ba ta burge ni ba. Farashi da otal da hotunan waɗanda aka yi wa aiki kawai take turowa. Da na ambaci ciwona sai ta ce, "Babu damuwa, Hajiya." Wannan amsa ta ɓata mini rai ƙwarai, domin gudan jini da ke ɓallewa daga ƙafa ya je ya toshe huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane bayan irin wannan tiyata. 'Yan gidanmu labarin Stella Obasanjo suke ta kawo mini, matar shugaban Najeriya na wancan lokacin, wadda ta rasu bayan irin wannan tiyata a Marbella ta ƙasar Sifaniya a 2005, amma ita hanji aka huda mata. Nawa haɗarin daban ne, kuma shi nake so a ɗauka da muhimmanci.

Likitan tiyatar ne ya gyara musu suna a wurina. Ya ƙi sa rana sai likitar jini ta gan ni. Ita kuwa ta zauna ta bi tarihin gidanmu: wa ya taɓa kumburin ƙafa, wa ta yi ɓari, wa ya mutu farat ɗaya. Ta tambayi a wane yanayi aka yi mini gwajin farko, saboda juna biyu da warfarin (maganin hana daskarewar jini) da ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estrogen duk suna rage furotin S, sai a ce mutum yana da ciwon alhali ba shi da shi. Nawa ya tabbata. Sannan suka auna haɗarina da ma'aunin Caprini, wanda ke tara maki bisa shekaru, ƙiba, tsawon tiyata da tarihin daskarewar jini. Makina ya hau sosai.

Daga nan aka rage buri na. Na je da niyyar a zuƙe ciki da cinyoyi, a kuma yanke fatar da ta saki. Likitan ya ce haɗa yankan ciki da zuƙe kitse yana ƙara haɗarin matuƙa, kuma abin da zai zuƙe ba zai kusanci lita 5 ba, iyakar da ake ɗauka a matsayin babban aiki. Ciki da kwiɓi kaɗai ya yarda, cikin ɗan gajeren lokaci. Na ji ba daɗi, amma hujjarsa ta fi son raina ƙarfi.

Kafin a sa ni barci suka ɗaura mini na'urar da ke matsa sha-raɓa tana saki, don jini ya riƙa gudana. Da yammacin ranar nas ta tashe ni tafiya, ina dafe da ita. Allurar Clexane kuma, mai hana daskarewar jini, ba a fara ta ba sai da suka tabbatar jini ya tsaya, sau ɗaya a rana, a cinya maimakon ciki tunda can aka yi aiki. Gaskiya jini ya kwanta mini a ƙarƙashin fata fiye da sauran matan ɗakin, kuma likitocin sun faɗa mini haka tun farko. Rigar matsi ma sai da suka sassauta ta, don kada ta danne jijiyoyin matsematsi.

Inda suka gaza shi ne sallama. Takardar da aka ba ni da Larabci take, babu wanda ya fassara. Ni na matsa kafin aka lissafa mini alamomin da ba a kwana da su a gida: kumburin ƙafa ɗaya, zafi a sha-raɓa, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji. Tikitin da wakiliyar ta tsara mini kuma ya yi kusa da ranar tiyata, alhali tafiyar Alƙahira zuwa Kano ta wuce awa 4 a zaune, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna zama irin wannan yana ninka haɗarin. Likitar jini ta ce a ɗaga, na biya kuɗin canji da ƙarin kwanan otal daga aljihuna. Kuɗin ganinta da na allurai ma ba sa cikin farashin da aka fara gaya mini.

Zan iya tura 'yar'uwata wurin waɗannan likitoci biyu, amma ba ta hannun wakiliyar ba, kuma sai likitan jininta na gida ya amince tukun, a rubuce.