Taswirar daular Mali da na sayo wa ɗalibaina

Shekara tara ke nan ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma duk sanda muka zo kan daular Mali sai in ɗauki alli in zana Kogin Kwara a allo, in ɗiga garuruwa, kafin a tashi wani ya goge. Watan jiya na shiga layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari, Kano, neman rajistar aji, sai idona ya faɗa kan wata taswirar bango a rataye. Tsawonta ya kai mita ɗaya, an lulluɓe ta da leda, da ramuka huɗu na ƙusa. Na ce, "Alhaji, nawa wannan?" Ya ce dubu bakwai. Muka daidaita a dubu shida, ya naɗe min ita a tsohuwar jarida.

Abin da ya sa ban yi nadamar kuɗin nan ba shi ne hanyoyin ayari da aka ja da jan layi. Layin ya taso daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko, ya sauko Tagaza inda ake haƙar gishiri, ya bi Walata, ya shiga Tambutu da Jenne, sannan wani ya gangaro daga Bambuk da Bure, ƙasar zinariya. Na kira wata yarinya ta ɗora yatsa a kan Tagaza, na gaya musu abin da matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya gani a can a 1352: gidaje da masallaci duk an gina su da gishiri, rufinsu fatun raƙuma, babu ko bishiya ɗaya. Gishirin kuma ba kantu ba ne irin na Bilma da muka sani, falle-falle ne manya, biyu raƙumi yake ɗauka. Ibn Baɗuɗa ya ce kayan raƙumi ɗaya miskalin zinariya takwas zuwa goma ne a Walata, amma in ya isa birnin sarkin Mali sai ya kai ashirin ko talatin. Yarinyar tana jan yatsanta kudu ina faɗin farashin, sai wani yaro a baya, ɗan mai sayar da hatsi a Dawanau, ya ce, "Malam, ai ke nan duk wanda ya riƙe tsakiyar hanyar shi ne mai kuɗin." Darasin da nake shafe sati biyu ina bayani ke nan, ya kama shi a minti biyar.

An kuma zana hanyar hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, na 1324 har Alƙahira, inda kyautar zinariyarsa ta karya darajarta a kasuwa. Kusa da Tambutu an sa ɗan hoton masallacin Jingarebar, wanda aka gina bayan dawowarsa. A kan takarda ɗaya yaro yana ganin cewa hanyar da gishiri ya bi ita malamai suka bi, ita sarki ya bi zuwa Makka.

Amma akwai kuskure da ya ɓata min rai. An sa wa Tambutu tauraro, alamar babban birni. Tambutu gari ne na malamai da fatake, fadar Mansa tana can kudu nesa da ita, kuma yaro in ya haddace wannan zai kai shi ɗakin jarrabawa. Na liƙe tauraron da farar takarda.

Na biyu ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Layukan ayarin duk sun tsaya a garin Gawo, daga can zuwa ƙasar Hausa fili ne fetal, kamar ba kowa. Alhali a zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da fatauci, kuma har gobe ana danganta unguwar Madabo da su. Shehu Magili ya zauna a Kano lokacin Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan mulki, daga baya ya je Gawo wajen Askiya Muhammadu, sarkin Songhai. Ɗalibaina biyu 'yan Sharifai ne, unguwar da ake dangantawa da zuriyarsa, a gida suka fara jin sunansa. Na ɗauki baƙar maka na ja layi daga Gawo zuwa Katsina da Kano, ledar kuwa ta karɓi tawadar ba ta zube ba.

Rubutun duka da Turanci yake, ƙanana ƙwarai, na bencin baya ba sa gani sai sun taso. Ramin ƙusa ɗaya ya yage a sati na uku, na ɗaure da zare. Na koma na nuna wa Alhajin maganar tauraron, ya saurara da kyau, ya ce zai faɗa wa mai kawo masa. Na ƙara sayen guda ɗaya saboda ajin 'yan shekarar ƙarshe, ya rage min ɗari biyar.